Ruwan Afrilu ya jiƙa min tafarnuwa

Wallahi raina a ɓace yake. Wata huɗu ina yi wa tafarnuwar nan ban ruwa da bokiti a bayan gida, jiya na tone ta na shanya a tsakar gida. Cikin dare sai ga hadari, ruwa kamar da bakin ƙwarya. A watan Afrilu fa, a Sakkwato!

Da asuba na tarar da ita jagab, ɓawon har yana saɓulewa a hannu. Tafarnuwa ba ta son danshi, in ba ta bushe ba ruɓewa take yi daga wuya. Shi ya sa manoman Wurno ke kwashe tasu tun da rani. Yanzu tana zaure kan tabarma, ina juya ta ɗaya bayan ɗaya.