A binne bututu kafin a shimfiɗa kwalta a Katsina

A kan hanyata ta zuwa aiki akwai wani titi da bai cika shekara guda da gamawa ba, amma tuni an tsaga shi. Wata safiya na tarar da ma'aikata da diga da shebur suna fasa sabuwar kwaltar, domin wani tsohon bututun ruwa da ke ƙarƙashinta ya fashe, ruwa yana ta ɓuɓɓugowa daga gefen titin. Da suka gama ɗaure bututun sai suka mayar da ƙasar, suka tattake ta da ƙafa, suka tafi. Damina ɗaya ta isa ta mayar da wannan tsagin rami, yanzu masu Keke Napep sai sun kauce zuwa hannun da ba nasu ba kafin su wuce. Abin da ya fi damuna shi ne, wata takwas kafin wannan rana ƙasar wurin a buɗe take, bututun yana fili kowa yana ganinsa, kuma a wancan lokacin ana iya sauya shi ba tare da an fasa ko taƙi ɗaya na kwalta ba.

Birnin Katsina ya ga aikin hanya mai yawa a 'yan shekarun nan. A watan Janairun 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe gadojin ƙasa na Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya, kuma gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ci gaba da faɗaɗa tituna da sabunta gari. Duk wannan abin a yaba ne. Ra'ayina dai shi ne, kada a sake bayar da kwangilar titi a cikin gari sai da aikin bututun ruwa da magudana a cikinta, a takarda ɗaya, a hannun mai sa ido ɗaya.

Ruwan famfon birnin ya daɗe yana dogaro da madatsar Ajiwa tun shekarun 1970, ga kuma madatsar Zobe ta Dutsin-ma da aka gina tun farkon shekarun 1980 wadda aka sha wahala kafin ruwanta ya kama hanyar Katsina. Sai dai komai yawan ruwan da aka turo, ta tsofaffin bututu zai ratsa unguwanni, kuma a nan haɗarin yake. Famfonmu ba kullum yake kawo ruwa ba. Idan bututu cike yake, ƙarfin ruwan yana tunkuɗa waje ne ta duk inda ya tsage, amma da zarar an ɗauke ruwa ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi zuwa ciki. To, duk wanda ya leƙa kwata a lungunan cikin gari ya ga siraran bututun roba na gidaje kwance a cikin baƙin ruwa, wasu an naɗe inda suka fashe da robar tayar keke. Garinmu ba shi da babbar hanyar kwashe ƙazanta ta ƙarƙashin ƙasa, masai da shadda da rariya muke da su, saboda haka abin da wannan bututu yake zuƙowa kowa ya san shi. Katsina tana cikin jihohin da annobar kwalara ta 2021 ta fi yi wa ɓarna, kuma ba na jin ya dace mu jira wata kafin mu raba hanyar ruwan sha da ta ruwan kwata. Babu lokacin da wannan rabuwa ta fi sauƙi da arha kamar ranar da katafila ta riga ta buɗe ƙasa.

Batun magudana kuma yana da tasa matsalar da ba a cika faɗa ba. Duk lokacin da aka sake titi ana zuba birji a kan tsohon, sai titin ya ƙara tudu, gidajen gefe su koma cikin kwari. Na ga zauren da a da ake taka dakali biyu a hau, yau sai an sauka ake shigarsa, mai gidan ya jera buhunan yashi a bakin ƙofa tun farkon watan Yuli. Katangar ƙasa ba ta jure kwanan ruwa a gindinta. Haka nan lambatun da aka yi wa siminti mai kyau amma ya ƙare a inda kwangilar ta ƙare, tara ruwan unguwa guda kawai yake yi ya juye wa ta gaba, musamman yanzu da aka cike yawancin kududdufan da ke shanye ruwan gari aka yi gini a kansu. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da arba'in a dare ɗaya, ta nuna mana abin da ruwan sama yake yi idan ya rasa mafita.

Za a ce haɗa waɗannan ayyuka yana ƙara kuɗi kuma yana ja wa aikin lokaci, kuma gaskiya ne. Amma kuɗin haƙa da kuɗin mayar da kwalta su ne kaso mai nauyi a aikin bututu, kuma aikin titi ya riga ya biya su. Abin da ake bukata shi ne Ma'aikatar Ayyuka da Hukumar Ruwa ta jiha da hukumar tsara birane su zauna a kan taswira ɗaya kafin a sa hannu, a gayyato kamfanin wutar lantarki da na sadarwa su faɗi inda wayoyinsu suke. A shimfiɗa bututun ruwa a gefe biyu na titi domin kada mai gida ya fasa kwalta don jawo famfo daga tsallake, a kuma binne fankon bututu a ƙarƙashin titin a tazara-tazara domin wayar da za a ratsar nan gaba. Sannan a riƙe kason ƙarshe na kuɗin ɗan kwangila har sai titin ya sha ruwan watan Agusta, injiniyoyi sun bi magudanar da ƙafa tun daga farkonta har inda take zubewa.