Ai Kwakwa Ce, Ba Cakulan Ba

A wata walimar suna da aka yi a gidan wasu 'yan'uwanmu mutanen Nijar a nan Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, na ga wani dattijo da duk muke kira Kawu ya ture kek ɗin cakulan gefe, ya jawo faranti ya ɗora yanka biyu na abin nan da Amurkawa ke kira kokonat kirim fai. Na san yana fama da ciwon suga, don haka na matsa kusa na rage murya.

"Kawu, ina ce likita ya hana ku zaƙi?"

Ya dube ni kamar na faɗi shirme. "Haba 'yata, ai kwakwa ce, ba cakulan ba."

Na yi shiru, domin ni ma haka na ɗauka a shekarata ta farko a Amurka. Mu da muka taso muna sayen ɓarin kwakwa a baro tare da dabino da aya, kwakwa a wurinmu 'yar itace ce, ba a yi mata kallon abin gudu. Sunanta ne ke ruɗar mu, alhali a wannan fai ɗin kasonta kaɗan ne.

Na taɓa tsayawa a kicin ɗin wata tsohuwa maƙwabciyata tana haɗa shi. Ƙasansa ɓawo ne na fulawa da bota da ake gasawa daban. Cikinsa kuma wani kunu ne mai kauri na madara da gwaiduwar ƙwai da sitacin masara, ta zuba masa suga kashi uku cikin huɗu na kofi, wato wajen gram 150, sannan ta barbaɗa gurzajjiyar kwakwa ta leda, wadda ita ma tun daga kamfani an jiƙa ta da suga. Da ya huce a firij sai ta lafta masa kirim da aka kaɗa ya yi kumfa, tudu guda. Ta yanka gida takwas. Na yi lissafi a raina: kowane yanka ya kwashi kusan ƙaramin cokali biyar na suga, ba a ma sa na kwakwar da na kirim ɗin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce kada sugan da babba ke sha a yini ya wuce kimanin cokali 12, in da hali ma ya tsaya a shida.

Na kanti fa? Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna gram 100 na fai ɗin yana da kalori kusan 300, mai wajen gram 17, wanda kusan 7 daga ciki kitse ne mai daskarewa, irin wanda ke ɗaga kolestarol. Furotin kuwa gram 2 kacal, duk da madara da ƙwan da ake tallatawa. Kuma wa ke tsayawa a gram 100? Yankan da ake kawo wa mutum a gidan abinci yakan fi haka nesa ba kusa ba. Idan ya kai gram 150, ka haɗiye kalori 450 da kitse mai daskarewa gram 10 bayan ka riga ka ƙoshi, ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka kuma cewa take a tsaya wajen gram 13 a yini guda. Ita ce dai ta fito a 2017 ta tuna wa masu yabon man kwakwa cewa kashi 82 cikin 100 nasa mai daskarewa ne, ya fi bota mai kashi 63, ya fi kitsen shanu mai kashi 50.

Ban fara karanta takardar bayan kwali don lafiya ba, gaskiya. Neman kitsen alade ne ya koya mini, domin wasu na sa shi a ɓawon fai, wasu kuma na sa jelatin, wani abin daskararwa da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, a kirim. Ina cikin laluben haram sai idona ya riƙa faɗawa kan lambobi.

To amma laifi tudu ne. Ranar da na gama zagin kayan zaƙin Amurkawa a waya, Umma ta ce, "Ke da kike kuka sai an saya miki kwakumeti a ƙofar islamiyya?" Sai na zauna na auna namu da irin ma'aunin da nake auna nasu, kuma abin bai yi mini daɗi ba. Ɗanyar kwakwa kanta tana da kalori 354 a gram 100, mai gram 33, kusan duka mai daskarewa. Suga yana da kusan 400. Kwakumeti kuwa su biyun ne kawai, a soya har ruwan ya ƙone. In aka ɗora su a sikeli gram da gram, kwakumetinmu ya fi fai ɗinsu nauyi, domin shi fai rabinsa madara ce, madara kuma yawancinta ruwa ne. Haka tuwon madara da gullisuwa, haka alkaki da ake soyawa a mai a tsoma a zuma ko ruwan suga. Babu waliyyi a cikinsu.

Inda muka bambanta shi ne yawa da lokaci. Kwakumeti a 'yar leda ake ƙulla shi, wanda bai fi cikin tafin yaro ba, ka saya da canjin da ya rage, ka tauna ɗaya ɗaya har gida, muƙamuƙinka ma ya gaji kafin ka so ƙari. Alkaki da nakiya da dubulan kayan gara ne, sai an yi aure ko haihuwa ake ganin su, a rarraba wa dangi da maƙwabta biyu biyu. Ban taɓa ganin gidan da ake gama tuwo da miyar kuka a ce a jira zaƙi na tafe ba. A nan kuwa cin abinci bai cika ba sai an rufe da zaƙi, kuma fai ɗin baya buƙatar haƙori, sulalewa yake yi, sanyi na ɓoye zaƙinsa. Kafin ciki ya ce ya isa, faranti ya yi fes.

Abin da nake yaba wa Amurkawa shi ne nasu yana faɗin laifinsa da bakinsa. Tun dokar 1990 aka wajabta takardar sinadarai a jikin abincin kwali, a 2016 aka ƙara layin da ke nuna sugan da aka zuba, daga 2018 kuma duk gidan abinci mai rassa 20 zuwa sama dole ya rubuta kalori kusa da farashi. Sai dai akwai wayo a ciki. Lambobin na yanka ɗaya ne, girman yankan kuma ƙa'idar hukuma ce ta ƙayyade shi. Za ka ga an rubuta fai ɗin na mutum takwas ne, gida mai mutum huɗu su cinye shi a zama ɗaya, kowa yana ganin lambar farko ce tasa.

Mu kuma a gida babu takarda, kuma tsarin da ke kare mu yana ta zaizayewa. Zuwana Kano na ƙarshe na ga tuwon madara a manyan robobi ana sayarwa ta Instagram, kek a kowane buki, lemon kwalba kamar ruwa, ga mai shayi yana kwarara madarar gwangwani kan suga cokali huɗu, babu mai tambaya. Mun ɗauko yawansu, ba mu ɗauko lambobinsu ba. Shi ya sa ba na yarda da masu cewa kayan gargajiya ba sa cutarwa. Ƙaramar leda da talaucin aljihun yaro ne suka rufa musu asiri.

Ban daina cin fai ɗin ba, yana da daɗi, musamman in an ɗan gasa kwakwar saman ta yi ja. Gida goma sha biyu nake yanka shi yanzu, ba takwas ba. Kwakumeti kuma in na yi, sai na ƙuƙƙulla a ƙananan leda kamar na talla, har yarana suna mini dariya. Na kai wa Kawu ƙulli ɗaya makon jiya, na ce ya raba shi kwana biyu. Ya jujjuya shi a hannu, ya ce, "Wannan ai na jikoki ne. Ina nawa?"