Ina Ƙafarka Take Fara Nufa Idan Ta Ɓaci?

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku, 'yan'uwana. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya daɗe yana cina.

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a gindin darbejiya ina gyaran ƙotar fartanya, sai inuwar shirwa ta gifta tsakar gida. Kazar uwargida ta yi wani irin kuka guda ɗaya tak. Kafin in ɗaga kai, 'yan tsaki tara sun zubo a guje sun shige ƙarƙashinta, ta baje fukafukai ta lafe da ƙasa. Na goman ya yi nisa wajen turmi yana tsince-tsince. Shi ma fa ya ji kukan, shi ma ya ruga, amma sai ya nufi wata fasasshiyar ƙwarya da ke jingine da danga, ya cusa kai ya bar jiki a waje. Shirwa ta sauko ta sure shi ina kallo, fartanya a hannuna.

Duk su goman sun gudu. Inda kowa ya dosa ne ya raba su. A nan na tuna da maganar Yesu a Matiyu 23:37, inda ya yi wa Urushalima kuka, ya ce sau nawa ya so ya tattara 'ya'yanta kamar yadda kaza take tattara 'yan tsakinta a ƙarƙashin fukafukanta, amma suka ƙi. Mu mutanen karkara ba ma buƙatar wani ya fassara mana wannan aya, kullum muna ganinta a tsakar gida.

Ba na jin akwai wanda wahala ta taɓa bai gudu ba. Tambayata ita ce, ranar da ta ɓaci, tsakar dare, yaro yana ta zafin jiki, rumbu babu komai, ina ƙafarka take fara nufa? Ban ce inda bakinka yake faɗa ranar Lahadi ba. Ƙafarka nake tambaya.

Zan fara da kaina, don kada wani ya ce malamin makarantar Lahadi ya hau kan mutane.

Mutanen Jigawa ba za su manta da daminar 2022 ba. Ruwa ya yi ta zuba, kogin Haɗeja ya cika ya batse, ga kachalla ta toshe hanyoyin ruwa a can ƙasa, sai ya juyo cikin gonaki da gidaje. Daga ƙasar Ringim har Auyo da Kafin Hausa, mutane suka kwashe tabarmi da tukwane suka koma azuzuwan firamare. Ni a shekarar na ci bashin taki buhu uku na zuba wa shinkafata a fadama. Ta yi kyau har masu wucewa suna tsayawa kallo, ta fara ciki ke nan ruwa ya hau kanta. Kwana biyu ban ga ko tsinin ganye ba. Katangar ɗakinmu ta gabas ta jiƙe ta zauna, azara ta sauko kan gado. Maƙwabcinmu Musulmi ne ya zo da kwale-kwale ya fitar da iyalina, bai karɓi ko sisi ba, Allah ya saka masa. Muna cikin wannan kuma 'yar autarmu ta kwanta da zazzaɓi, har tana fizge-fizge.

A daren ne wani baffana ya zo. Shi har yanzu yana riƙe da al'adar kakanni ta yi wa kan gida yanka, wato iskan da suke cewa yana tsare gida, kuma ban taɓa shakkar yana ƙaunata ba. Ya kira ni bayan aji, ya rage murya, ya ce, "Ɗana, gona ta tafi, ɗaki ya tafi, yanzu ga yarinya. Kai ba ka ga ana binka bashi ba? Tun da ubanka ya bar kan gida ba a zubar masa da jini ba. Nemo jan zakara, ni zan yi sauran, ba wanda zai sani."

'Yan'uwa, na nemo zakaran. Ni da nake koya wa yara haddace Zabura 46, na ɗaure masa ƙafa na tura shi ƙarƙashin benci. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma ranar na san ba ƙarya suka yi ba. Da asuba uwargida ta gan shi. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Maigida, wannan zakaran na miya ne, ko na wane ne?" Na rasa bakin magana. Ta ce, "In na miya ne, kawo in fige. In kuwa ba na miya ba ne, ka fara zuwa ka gaya wa Yesu cewa ya kasa, sannan ka kai."

Ban kai ba. Muka durƙusa a kan simintin ajin nan, ita ta yi addu'ar, don ni bakina ya mutu. Gari na wayewa wani ɗan zumuntar matasa ya goya yarinyar a babur tare da uwarta, suka bi ta tudu zuwa asibiti. Aka gwada jini, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi mata yawa, aka yi mata allurai, ta tashi. A gurguje in faɗa, zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne, Bulus da kansa ya kira shi haka a Kolosiyawa 4:14. Masu hana mara lafiya shan magani da sunan bangaskiya su ji tsoron Allah.

Amma kada wani ya ɗauka ina cewa duk wanda ya ƙi boka komai nasa zai dawo. Shinkafata ba ta dawo ba. Bashin takin nan sai da na sayar da tumaki biyu, na yi kaka biyu ina biya. Akwai kuma wata 'yar'uwa a zumuntar mata, wadda ta fi ni addu'a nesa ba kusa ba, nata yaron bai tashi ba. Mun binne shi a kan tudu saboda maƙabarta tana cikin ruwa. In na ce muku mafaka tana nufin ba za a yi hasara ba, na yi muku ƙarya, kuma na zagi hawayen matar nan. Ɗaki ba ya hana ruwan sama zuba, wurin zama yake ba ka har a ɗauke. Zabura 46 ta ce Allah ne mafakarmu da ƙarfinmu, amma ku karanta gaba kaɗan, za ku ga duniya tana girgiza, duwatsu suna faɗawa cikin teku, ruwa yana ruri. A tsakiyar wannan ne mai zabura ya ce ba za mu ji tsoro ba. Shi ma Yesu bai ɓoye mana ba, a Yohanna 16:33 ya ce a duniya za mu sha wahala, amma mu yi ƙarfin hali, ya yi nasara da duniya. Annabi Habakuk kuwa kamar manomin ƙasarmu yake magana a ƙarshen littafinsa: ko itacen ɓaure bai yi toho ba, gonaki ba su ba da abinci ba, garke ya ƙare, turke babu saniya, duk da haka zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Matar nan da na ambata, ranar Lahadin da ta biyo bayan jana'izar, ita ta riga kowa zuwa share majami'a. Ban san wa'azin da ya fi wannan ba.

Akwai wani abu a Tsohon Alkawari da ba mu cika karantawa ba, wato biranen mafaka. Ku duba Littafin Ƙidaya sura 35 da Joshuwa sura 20. Allah ya sa aka keɓe birane shida, uku a kowane hayi na kogin Urdun: Kedesh, Shekem da Hebron a yamma, Bezer, Ramot da Golan a gabas. Wanda ya kashe mutum ba da gangan ba, misali ruwan gatari ya fice daga ƙota ya sami abokin aikinsa a jeji, sai ya ruga ɗaya daga cikinsu kafin mai ɗaukar fansa ya cim masa. Abu biyu suka tsaya mini a rai. Na farko, a Maimaitawar Shari'a 19 an umarta a shirya hanyoyin zuwa biranen tun kafin a buƙace su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutumin da bai saba buɗe Littafi Mai Tsarki ba, ba ya zuwa addu'ar safe, ba ya tara iyalinsa su yi addu'a kafin barci, ranar tashin hankali ƙafarsa tsohuwar hanyar da ta sani za ta bi. Ni abin da ya cece ni a daren nan, uwargida ta riga ta taka hanyar har ta zama turba. Na biyu, wanda ya shiga birnin dole ya zauna a ciki. In ya fita bayan iyaka, mai fansa ya same shi, ya ja wa kansa. To mu fa? Safiya a majami'a, dare a zauren boka. Littafi a hannu, laya a ɗamare ƙarƙashin riga, wani abu kuma a binne a bakin ƙofa. Kai a cikin ƙwarya, jiki a waje, kamar ɗan tsakon nan.

Sarki Saul ma haka ya yi. Shi da kansa ya kori masu duba daga ƙasar, amma da ya ga rundunar Filistiyawa zuciyarsa ta karaya, sai ya ɓad da kama ya tafi wurin mai duba a Endor da dare. Ku lura, da dare. Duk mafakar da sai ka ɓad da kama kafin ka je, ka tuhume ta. Dawuda kuwa ya dawo Ziklag ya tarar an ƙone garin, an kwashe mata da yara, mutanensa suna shawarar jifansa, amma 1 Sama'ila 30:6 ta ce ya ƙarfafa kansa ga Ubangiji Allahnsa.

Iyayenmu da suka fara bin wannan hanya a ƙasar Kano ba cikin daɗi suka same ta ba. Da yawa a asibitin masu cutar kuturta na Yadakunya suka fara jin Bishara, a hannun 'yan mishan na ƙungiyar SIM, wato Sudan Interior Mission, lokacin da dangi suka guje su. Wasu an hana su aure, wasu an raba su da gonar gado. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, suka koyi karatu da tsufansu don su karanta shi da kansu, a hasken aci-balbal. Abin kunya ne a ce jikokinsu, da Littafin a cikin waya, su ne masu bin dare da jan zakara. Ni na yi, na kuma tuba, shi ya sa nake da bakin faɗa.

Saura magana ɗaya, kuma ta ikilisiya ce. Sau da yawa ba rashin sanin Allah ke kai ɗan'uwa gidan boka ba, rashin wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ne. Baffana ya tako cikin ruwa da tsakar dare ya same ni. Mu dattawan ikilisiya, mutum nawa muka taka wa haka? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda tiyar masara da kuɗin mota suka koma, akwai gidajen da ba a ɗora tukunya sai sau ɗaya a yini, kuma suna zaune kusa da mu a benci guda. Galatiyawa 6:2 ta ce mu ɗauki nauyin juna. Fukafukan da Allah yake rufe mutum da su, wani lokaci tiya biyu ce ta gero da aka aiko yaro da ita bayan magariba, ba tare da an sanar a majami'a ba.

Zakaran nan dai uwargida ta fige shi ranar da aka sallamo yarinya, aka yi farfesu, duk mutanen ajin suka sha romo, har da baffana. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba, amma yakan zo gaisuwa har yau, ina kuma yi masa addu'a.

Gwauruwar da ke bayan majami'a, wadda ɗakinta ya tsage tun daminar bara, har yanzu a ɗakin girki take kwana da jikokinta uku. Asabar mai zuwa bayan addu'ar safe za mu taru mu buga mata tubali. Matasa su zo da shebur da jarkokin ruwa, mata su zo da abin da ya sawwaƙa na fura. Mai jaki ko amalanke ya taimaka da ɗebo ƙasa tun ranar Juma'a da yamma.