Ɗakin gwaje-gwaje ma fagen aikin lafiya ne

Makon jiya 'yar yayana ta zo gidana idanunta jajir, saboda ta shaida wa mahaifinta cewa karatun ƙwayoyin cuta take so, shi kuwa ya ce da ita, "Idan ba za ki duba marar lafiya ba, me zai kai ki jami'a?" Yarinyar ba raguwa ba ce. Jini ne ba ta iya gani, nishin majinyaci kuma yana hana ta barci, amma takan wuni a sunkuye kan madubin hangen ƙwayoyin cuta ba ta ce ta gaji ba.

Ina ganin mun yi wa aikin lafiya gurguwar fahimta, mun taƙaita shi ga mai farar riga da ke zagaya gadajen asibiti. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba 'ya'yanmu yau, asalinsa daga ganyen tazargade ne, kuma Tu Youyou, masaniyar haɗa magunguna 'yar ƙasar Sin wadda ta jagoranci tace sinadarinsa, ba ta da digirin likita, duk da haka ta karɓi kyautar Nobel a 2015.

Misalin da ya fi taɓa ni na gida ne. Tun 2011 ma'aikata suke ɗibar ruwan kwatami a Kano, su zuba a jarka, su sa cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaje-gwaje domin a duba ko ƙwayar shan inna na yawo a unguwa tun kafin ta shanye ƙafar wani yaro. Masu binciken ƙwayar shan inna a ɗakunan gwaje-gwaje na Ibadan da Maiduguri ba sa ganin fuskar yaran da suke karewa, amma da guminsu a cikin sanarwar ranar 25 ga Agusta, 2020, cewa Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali.

Ban ɓoye mata wahalar hanyar ba. Digiri na farko ba ya isa, sai an bi da na biyu har zuwa na uku, kuɗin bincike kaɗan ne, kuma ɗaukewar wuta ta dare ɗaya tana iya lalata samfuran da aka yi watanni ana tarawa a firiza. Ta ji duka, ta ce ta amince. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan je in zauna da yaya a zaure, in roƙe shi ya sa mata albarka ta cike takardar neman shiga jami'a.