Kafin a nemi na'urar sanyaya ɗaki, a sayi fensir

Mutanenmu na Garwa da Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru, in aka yi zancen sashen tsoffin takardu na jami'o'in nan Amurka, sai su ce ai kuɗi ne. Kuɗi na ciki, amma a ganina babban abin da suka fi mu shi ne lissafi. Kowace takarda tana da lamba, kuma an san inda take kwana.

A ɗakin karatu na Herskovits da ke Jami'ar Northwestern, kusa da Shikago, akwai littattafan Malam Umaru Falke, malamin Kano kuma ɗan kasuwa da ya rasu a 1962, rubutun hannu sama da 3,000, na Larabci da ajami. Irinsu ne a gidajen malamanmu da fadojin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, har zuwa Abeshe a Cadi: fikihu, waƙoƙin wa'azi, wasiƙu, lissafin bashi, laƙani. A wannan ɗakin karatu na Herskovits, ba wanda zai bar ka ka yi ta bincike a kan kantocin da ake jera takardun. Jerin kayan za ka fara dubawa, ka rubuta lambar abin da kake so, a kawo maka akwati ɗaya. Jaka a waje, ruwan sha a waje, biro haramun ne, fensir kaɗai. Safar hannu ma ba a so ga takarda, don tana kashe jin yatsa har mutum ya yaga gefe. Wanke hannu ake yi a bushe shi.

Littafinmu ba ɗinkakke ba ne. Warƙoƙi ne a sake tsakanin tadarishi, a cikin gafaka, kuma nan ɓarnar take farawa. Almajiri ya ari warƙa goma, magada su raba littafi ɗaya gida uku, iska ta watsa saura. Abin da ke mayar da shi daidai shi ne kalmar nan da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. A bi ta a jera, sannan a sa wa kowace warƙa lamba da fensir a kusurwar sama. A rubuta a wani littafi dabam: sunan littafin, mawallafi, wanda ya kwafa, yawan warƙa, layin farko da na ƙarshe, da gidan da ya fito. A ɗaga warƙa ɗaya a haske, in an ga tambarin jinjirin wata uku, galibi takardar Italiya ce da fatake suka kawo ta Sahara, a rubuta wannan ma.

Nan Amurka suna riƙe ɗaki a wajen digiri 18 zuwa 20, laimar iska ƙasa da kashi 50 cikin 100. A Marwa, inda zafin bazara ke wuce 40 ga ɗaukewar wuta, na'urar da ke kunnuwa tana mutuwa ta fi rashinta illa, don takarda na kumbura tana motsewa har ta karye. Gara ɗakin tsakiya mai kaurin bango, kanta ta ƙarfe da ta ɗaga daga ƙasa, nesa da bango saboda gara. A Ngaundere kuwa, mai doguwar damina, funfuna ce abokiyar gaba, kada a kulle takarda cikin leda.

Abu biyu kuma a daina: salatif da laminatin. Gam ɗin salatif yana rina takarda ya cinye tawada, laminatin kuma ba ya ɓaruwa. Tawadar bagaruwa mai haɗin ƙarfe dama tana huda takarda da kanta in ta sha laima.

Jami'ar Ngaundere da ta Marwa ba sai sun karɓe littattafan daga hannun masu su ba, malami ba zai yarda ba, kuma da gaskiyarsa. Su tura ɗalibai masu karanta ajami gida gida, da fensir da kyamara, a ɗauki hoto a inuwa ba filasha, a bar wa mai gida littafinsa da kwafi ɗaya na jerin.