Shaddar Alhaji da Bam Ɗin Nukiliya

"Ranka ya daɗe," in ji Ɗan Boko, "idan aka jefa bam ɗin nukiliya, kada mutum ya kalli hasken, sai ya kwanta rub da ciki ya rufe kansa, domin guguwar da ke biyo baya ita ce ke rusa gine-gine."

Alhaji ya gyara zaman babbar rigarsa a kan bencin Mai Shayi. "Ni zan kwanta a turɓaya da wannan shaddar? Yaro, ka san nawa na biya aikin wuyanta kuwa?"

"Bayan nan kana da kamar minti 10 kafin ƙura mai guba ta fara sauka, saboda haka sai ka shige tsakiyar gini mai kaurin bango, ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Da aka jefa bam ɗin a birnin Hiroshima na Japan, ranar 6 ga Agusta 1945, akwai wanda ya tsira a irin wannan ɗaki, alhali mita 170 ne kacal tsakaninsa da tsakiyar fashewar."

"Wannan rikicin manyan ƙasashe ne, ina ruwan biri da gada?"

Mai Shayi ya rage muryar rediyo. "Alhaji, ai a 1960 Faransa ta gwada nata a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, har Najeriya ta kori jakadan Faransa a Janairun 1961. Iskar hunturu kuwa daga can take tasowa."

"To ai na sha hunturun shekarar, ga ni nan garau. Kuma idan mafaka ake nema, gidajen hayata goma sha biyu ne."

Gidajen nan dai duk unguwa ta san su: buhun siminti ɗaya ya haifi bulo saba'in, kwanon rufin kuwa idan ƙadangare ya bi ta kai sai ya lotsa.

"Kwano ba ya tare komai, ranka ya daɗe, kauri ake nema, na kankare ko na ƙasa. Za a rufe ƙofofi da tagogi, a zauna aƙalla awa 24 ana sauraren rediyo mai batir. Ƙarfin gubar yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin goma bayan awa 7, ya koma ɗaya cikin ɗari bayan kwana biyu. Wanda ƙurar ta same shi a waje kuwa, sai ya tuɓe rigarsa ta sama ya ɗaure ta a leda, domin hakan na kawar da kusan kashi 90 na ƙurar."

Nan fa Alhaji ya miƙe tsaye. "Shaddar tawa za a cusa a leda kamar tumatir? Mai bugu ya kwana biyu a kanta! Ko ranar ɗaurin auren ɗan hakimi da zafi ya sumar da mutum uku ban tuɓe ta ba, sai don wata ƙura?"

"Za ta iya kashe ka, ranka ya daɗe."

"To a same ni a cikinta, a san cewa mutumin kirki ne ya rasu."

"Sannan a yi wanka da sabulu," Ɗan Boko ya ƙarasa a sanyaye.

"Da wane ruwan?" in ji Mai Shayi. "Shekara uku ke nan famfon layinmu iska yake hurawa, mai kura kuwa ranar nan jarka ɗaya sai ta kai kuɗin rago."

Alhaji ya yi shiru, yana jan carbi. "Ka ce ginin ƙasa mai kauri yana tarewa? Kamar tsohon soron kakana, wanda kake haya a ciki?"

"Ai ya fi duk sababbin gidajenka, ranka ya daɗe."

"Madalla da ilimin zamani. Daga watan gobe kuɗin hayarka ya ninka, kuma ka kafa mini ƙusa a bango inda zan rataye hula, domin rigar dai ba zan tuɓe ba."