Ni da Raƙumin Ƙarfe a Hanyar Daura

Duk wanda ya ce maka ba a sanyi a Katsina, ka tambaye shi ko ya taɓa hawa babur bayan sallar asuba a watan Janairu. Shekara tara ina zuwa aiki daga Ƙofar Ƙaura a kan wata tsohuwar Jincheng, kuma duk hunturu sai yatsuna su sandare, in isa ofis in kasa riƙe biro sai na rungumi kofin shayi. Wannan shi ne dalilin da na ba uwargida na sayen wani babur. Dalilin gaskiya kuwa, bidiyon wasu Turawa na yi ta kallo a YouTube, suna keta ƙanƙara da sahara a kan manyan babura, har zuciya ta raya min cewa ni ma jininsu ne, wurin haihuwa kawai aka yi kuskure.

Sai na sayar da ɗan filina na sayi BMW R 1200 GS Adventure, na hannu, ɗan Kwatano. Injinsa cc 1170, wato kusan Boxer goma sha biyu a dunƙule. Tankinsa lita 30. Ba shi da sarƙa, wani sandan ƙarfe ne ke juya tayar baya kamar mota. Kakansa ne ya ci gasar tsere daga Paris zuwa Dakar a 1981 da 1983, ta biyun ma har ta hamadar Tenere ta Nijar aka bi. Amma abin da ya tafi da imanina shi ne maɓallin da in ka danna, mariƙar hannu ta ɗauki ɗumi. An yi ta ne don mutanen da ruwa ke daskarewa a ƙofar gidansu, ni kuma na ga ai ni ake nufi.

Abu biyu na karanta a takarda ban tsaya na yi lissafi ba. Nauyinsa kilo 260 ne, buhun siminti biyar da ɗoriya. Tsayin sirdinsa santimita 89, ni kuwa a sahun sallah ko yaran sakandare ina ɗaga kai in dube su.

Ranar da aka kawo shi, uwargida ta zagaya shi sau biyu ta ce, "Maigida, wannan da tsani aka sayar maka, ko daban ake sayen shi?" Ban kula ta ba. Da na hau, babban yatsan ƙafa ɗaya ne kawai ya taɓa ƙasa, shi ma sai na karkace kamar mai leƙen rijiya. Sati biyu ina zagaye a unguwa, na ƙware wajen tsayawa kusa da dakali.

Gwajin gaske ya zo da ɗaurin auren wani abokin aikina a Daura, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, abokai suka ce mu haɗu a mota. Na ce su yi gaba, ni da nawa shirin. Na sa babbar riga, na ɗora rigar sanyi mai auduga, na ɗora jaket ɗin babur mai sulke a kafaɗa da gwiwar hannu, na shafe fuska da man kaɗanya, na kifa hular kwano. Da na fito zaure ƙaramin ɗana ya ruga da kuka.

Gaskiya dai a faɗe ta, farkon tafiyar nan na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Iskar gabas tana kaɗawa, hazo ya rufe gari, rana ta fito fara fat kamar faranti, ana iya kallonta ido da ido. 'Yan acaɓa sun naɗe kai da rawani, sun cusa hannu ɗaya a hammata, ni kuwa tafin hannuna har gumi yake. Na kunna fitilu huɗun da na sa mai wayarin ya ƙara min, ina wuce motoci ina ɗaga musu hannu kamar gwamna.

A Mashi na ga teburin mai shayi cike da jama'a, sai shaiɗan ya ce in tsaya a gan ni. Na rage totur, na taka birki, na miƙa ƙafa. Babu dakali. Inda yatsana ya sauka ma ɗan kwari ne. Babur ya fara kishingiɗa a hankali, cikin natsuwa, kamar raƙumin da ya ga mai shi ya kawo dusa, ni kuma ina biye da shi ina salati har muka kwanta tare. Ba gudu, ba karo, ba ko akuya da zan ɗora wa laifi.

Mutum huɗu suka ɗaga shi. Wani dattijo da ke tsoma burodi a shayi ya dube ni ya ce, "Sannu yaro. Halan na ubangidanka ne ka ɗauko?" Shekarata arba'in da uku. Na biya wa duka teburin shayi don a bar maganar, amma ba a bar ta ba.

Da mai hankali ne da ya miƙe kan kwalta har Daura. Ni kuwa borin kunya ya hau ni. Bayan na wuce Mashi na ga wata hanyar amalanke ta ratsa gonaki, na ce ai don irin wannan aka ƙera shi, bari in rama. A bidiyo sun ce in ka shiga rairayi ka miƙe tsaye, ka ƙara wuta, kada ka kalli ƙasa, kada ka taɓa birkin gaba. Na zauna daram, na rage wuta, na kalli ƙasa, na damƙi birkin gaba. Wannan karon cikin ƙarangiya muka sauka.

Ina nan ina cire ƙaya sai ga wani tsoho a kan Boxer, da buhun gero biyu a baya, da tunkiya ɗaure a gabansa, da silifas a ƙafa. Ya bi ta cikin rairayin nan salin-alin kamar yana kan kwalta, ya tsaya ya sa ƙafa biyu a ƙasa. Wallahi ƙafafun nan biyu su suka fi ƙona min rai.

Ya ce, "Subhanallahi, ɗana, ina za ka da wannan injin niƙa?"

Na ce, "Baba, shi ma fa injinsa boxer ake ce masa, saboda silinda biyun nan da suka fito gefe da gefe."

Ya dubi nasa, ya dubi nawa, ya ce, "To naka ya ci abinci da yawa."

Muka gwada ɗagawa mu biyu, ko gezau. Ya tafi neman mutane, ya ɗauki fiye da awa ɗaya, don duk matasan sun tafi kasuwa. Kafin nan hazo ya yi sauƙi, rana ta tuna aikinta. Kayan da na jibga don sanyin asuba suka koma tanda, man kaɗanya ya narke ya haɗu da ƙura, na zama kamar wanda aka yi wa yaɓe. Da aka tayar da babur na danna maɓalli, sai ya ce ƙas, ya yi shiru. Ashe fitilun nan huɗu suna kunne tun ɗazu, ga tsohon batir da aka ce in canza na ce ai na Turai ne.

Aka kira bakaniken ƙauye, yaro mai ladabi. Ya zagaya dama, ya zagaya hagu, ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ina kik ɗin?" Na ce ba shi da kik. "Kafireta fa?" Na ce babu, kwamfuta ke ba shi mai. Ya share hannu a wando ya ce, "To Alhaji, wannan sai dai addu'a." Aka gwada turi, amma turin buhun siminti biyar a cikin rairayi ba aikin ɗan Adam ba ne.

Ƙarshenta amalanken shanu ya fitar da mu. Jikan zakaran Dakar yana kwance a kan karan dawa an ɗaure shi da igiya, ni ina zaune a gefe da hular kwano a cinya, yara suna bin mu suna ihu. A bakin titi wani direba ya jona min batirin motarsa, ya tashi tun bugun farko, yana gurnani kamar ba shi ba.

Na shiga Daura bayan la'asar. An shafa fatiha, an ci shinkafa, har an kwashe rumfa. Na tsaya kusa da rijiyar Kusugu, don a nan na hango dakali, na kira ango a waya. Ya ce ba komai, ai sun ga hotona tun da hantsi, wani ya turo daga Mashi.

Yanzu babur ɗin yana zaure a lulluɓe. Uwargida tana shanya kayan yara a kan madubansa, kuma wata kaza ta gano cewa akwatin gefen nan iska ba ta shiga, ta zuba ƙwai tara a ciki. An ce kada in kuskura in motsa shi sai ta ƙyanƙyashe, kwana 21 ke nan, lokacin kuwa sanyi ya wuce. Jiya na je wurin wanda na sayar wa Jincheng ɗina, ya ce zai duba ko zai iya ba ni aro ranar Litinin.